Sitiyari Ko Sifana? Gaskiyar Zance Kan Karatun Injiniyan Motar Tsere



Tun da kallon tseren Formula 1 ya shigo wayoyinmu, wata magana ta fara yawo a tsakaninmu, musamman mu 'yan sashen kanikanci. Wai idan mutum ya gama difloma, ya samu ya tsallaka Ingila ya karanta injiniyancin motocin tsere, shi ke nan ya kama hanyar zama direba irin Lewis Hamilton. Ana faɗar ta a ɗakin kwana, ana faɗar ta a teburin mai shayi, har ta kai wasu sun fara lissafin abin da gonar gado za ta yi idan an sa ta a kasuwa. A nan ne abin ya daina zama hira, domin gonar gado ba abin wasa ba ce.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: wannan karatu ba sitiyari yake ba ka ba, sifana yake ba ka. Kuma ni a ganina, ga ɗan Gwarzo ko ɗan Kabo, sifanar ta fi sitiyarin amfani nesa ba kusa ba. Bari in faɗi dalili.

Yadda ake zama direban tsere

Mu fara da Hamilton ɗin da kowa yake kafa misali da shi. Yana ɗan shekara 8 ya fara tseren ƙananan motocin nan na yara da ake kira kat. Mahaifinsa sai da ya haɗa ayyuka da yawa a lokaci guda don ya iya biyan kuɗin. A 1998, yana ɗan shekara 13, kamfanin McLaren ya ɗauke shi ya ci gaba da renonsa, sai a 2007 ya shiga Formula 1. Max Verstappen kuwa yana ɗan shekara 17 ya shiga, a 2015, kuma mahaifinsa tsohon direban Formula 1 ne. Ko Ugo Ugochukwu, yaron nan mai jinin Najeriya ta wajen uwa wanda ya ci tseren Macau a 2024, a Amurka aka haife shi, kuma tun yana ƙarami yake kan kat. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To kai da ka shiga ND 1 kana da shekara 19 ko 20, sa'o'inka a can sun yi shekara goma suna tsere.

Sai maganar lasisi. Hukumar FIA, mai kula da tseren mota a duniya, ba ta tambayar digiri ko difloma kafin ta ba da lasisin Formula 1. Abin da take nema shi ne maki 40 da direba ya tara a ƙananan gasanni cikin 'yan shekarun da suka gabata. Su kuma ƙananan gasannin da kuɗi ake shiga. Kakar wasa ɗaya a Formula 2, matakin da ke dab da Formula 1, ana maganar Yuro miliyan biyu ne zuwa sama. Ka ɗauko kalkuleta ka juya shi zuwa Naira, in dai allon zai ɗauki sifilan. Bayan duk wannan wahala, kujerun da ake rububi a kansu a duniya baki ɗaya ashirin ne shekara da shekaru, sai daga 2026 aka ƙara biyu.

Na san wani zai ce, ai akwai Jann Mardenborough, wanda daga wasan kwamfuta ya zama direba. Gaskiya ne. Ya ci gasar GT Academy a 2011, ya kuma hau mumbari a ajinsa a tseren Le Mans na 2013. Amma ka san wani abu? Shi ma ya fara karatun injiniyan motar tsere a jami'a, bayan 'yan makonni ya bari, saboda ya tarar lissafi ake yi ba tuƙi ba. Kuma cikin mutum kusan dubu 90 aka zaɓe shi. Wanda zai sayar da gona a kan irin wannan sa'a, gara ya ajiye gonarsa.

Saboda haka duk ejan ɗin da ya ce maka zai samo maka gurbin karatun da zai mai da kai direban tsere, ka riƙe aljihunka. Makarantun gaske ne, ba ƙarya ba. Jami'ar Oxford Brookes da ta Cranfield a Ingila sun yi suna a wannan fanni. Sai dai kuɗin makarantar ɗalibin waje fam dubu goma sha wani abu ne zuwa sama a shekara, ban da ci da sha da haya, kuma abin da suke yayewa injiniya ne. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Mutum dubu a bayan mutum biyu

Yanzu mu juya kyamara daga kan direba. Kowace ƙungiya a Formula 1 direba biyu take sawa a fili, amma manyan cikinsu suna da ma'aikata sama da dubu. Akwai masu zana bodi don iska ta danne motar a ƙasa, akwai masu injin, masu birki, masu taya, masu lantarki, masu nazarin bayanan da motar ke aikowa kwamfuta, masu walda da masu sassaƙa ƙarfe. A 2023 a Katar, makanikan McLaren sun canza taya huɗu cikin daƙiƙa 1.8. Kafin ka gama cewa bismillah an gama. Wannan aikin mutum kusan ashirin ne da suka yi atisaye har hannunsu ya haddace.

Waɗannan mutane su wane ne? Ross Brawn, wanda ya jagoranci ɓangaren fasaha a duka kambun duniya bakwai na Michael Schumacher, ɗan koyo ya fara. A 1976 ya shiga harkar tsere a matsayin mai aiki da injin sassaƙa ƙarfe, irin wanda muke tsayuwa a gabansa a wokshof muna jiran a tashi. A 2009 ƙungiya mai ɗauke da sunansa ta cinye kambun direbobi da na kamfanoni. Adrian Newey, wanda ake wa kallon sarkin masu zana motar tsere, fasahar jiragen sama ya karanta a Southampton, ya gama a 1980. Ba kwas mai suna tsere ya yi ba.

'Yan uwa mata kuma kada ku ce zancen maza ne. Stephanie Travers a Zimbabuwe aka haife ta, injiniyancin sinadarai ta karanta. A lokacin, aikinta shi ne gwada mai da baƙin man motocin Mercedes a bakin fili. A 2020 a Ostiriya ta hau mumbari tare da Hamilton ta karɓi kofi a madadin ƙungiyar, ita ce baƙar mace ta farko da ta taka wannan wuri. Ba ta tuƙa motar ba, amma ba da ita ba motar ba ta kai ba.

Misalin da ya fi kusa da mu kuwa shi ne Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato. A kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi ya yi karatun zanen gine-gine, wato foli irin tamu, kuma kwas ɗin da 'yan uwanmu suke yi a Makarantar Nazarin Muhalli ta Gwarzo. Daga nan ya tafi Detroit a Amurka ya karanta zanen mota, ya gama a 1994, General Motors ta ɗauke shi. Shi ya zana Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, sannan a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar NADDC mai kula da ƙira da ƙera motoci a Najeriya. Volt ba motar tsere ba ce, na sani. Amma hanyar da ya bi ita ce darasin: ya ƙware a abin da ke gabansa a foli, sannan ƙofa ta buɗe.

Tsere ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan tamu

Wasu suna ɗauka tseren mota na Turawa ne kawai, mu namu kallo. A'a. Tseren Faris zuwa Dakar na farko, wanda aka kammala a Janairun 1979, ta Agadas da Yamai ya ratsa, kuma shekaru da dama hamadar Tenere ce zuciyar gasar, kafin a soke ta 2008 saboda tsaro, a kai ta Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya daga 2020. A Kenya ana yin tseren Safari tun 1953. Fijo 504, motar da iyayenmu suka sha shiga daga Gwarzo zuwa birni, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ita ta cinye Safari a 1975. A nan gida ma bikin kamun kifi na Argungu yana da nasa gangamin motoci. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma sun ƙera mota sun shiga gasar Shell Eco-marathon, inda ba gudu ake dubawa ba, wa ya fi nisa da mai kaɗan.

Ka lura da wani abu. Tseren da ya yi suna a Afirka ba na kwalta mai santsi ba ne, na ƙura ne da yashi da rami da kwazazzabo. Tun 1993, da aka yi na Kyalami a Afirka ta Kudu, Formula 1 ba ta sake takowa nahiyar nan ba. Amma tseren burji namu ne. Duk wanda ya taɓa goya buhu biyu a babur daga ƙauyukan Getso ko Garo da damina ya san abin da shokozoba take sha.

Tseren da muke yi yanzu

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, ai ana tsere a nan. Ana yin sa a titin Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi, tsakanin motocin haya masu rige-rigen fasinja. Ana yin sa ranar ɗaurin aure da ranar kai amarya, samari su kwanta a kan babur, su ɗaga ƙafa, su saki hannu. Ana yin sa da Sallah, a juya mota a tsakiyar jama'a taya tana hayaƙi ana ihu. Babu hular kwano, babu bel, babu motar asibiti, ga yara a bakin hanya, ga awaki, ga mai amalanke. Kusan kowannenmu ya san gidan da aka yi zaman makoki saboda wannan.

Kuma lissafin da muke gudu a aji shi ne yake kashe mu a titi. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a kowace daƙiƙa. Kafin ƙafarka ta bar totur ta taka birki ka wuce tsawon gidaje biyu ko uku. Sannan idan ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata ba sau biyu take ninkuwa ba, sau huɗu ne. Wanda ya tsaya a mita 20 yana kan 60, sai ya ci mita 80 yana kan 120. Wannan ba ra'ayi ba ne, darasin ND 1 ne.

Abin da ya bambanta tseren gaske da gangancin da muke yi shi ne injiniya. Shi ne yake cewa sai an sa kejin ƙarfe a kan direba, sai an ɗaure shi da bel, sai tankin mai ya yi nesa da salansa, sai an gwada birki a gaban alƙalai kafin mota ta shiga fili. Mai son gudu da bai san wannan ba, ba jarumi ba ne, ɗan ganganci ne kawai da kwanansa bai ƙare ba.

Abin da za mu iya yi daga nan

To me nake so? Ba cewa nake a buɗe mana sabon kwas gobe ba. Wannan sai hukumar NBTE ta amince, sai malamai, sai kayan aiki, tafiya ce mai nisa. Abin da nake nema yana hannunmu.

Akwai wata gasar ɗalibai da aka fara a Amurka a 1976, ana kiranta Baja SAE. Ɗalibai ne suke zanawa su ƙera 'yar mota mai kujera ɗaya da za ta iya shiga taɓo, ta hau tudu, ta tsallake rami, ta kuma jure tseren awa huɗu. Shekaru da dama kowace ƙungiya injin iri ɗaya ake ba ta, mai ƙarfin doki goma, wato bai kai ninki biyu na injin ban-ruwan da manomanmu ke ja da shi a bakin dam ɗin Guzu-Guzu ba. Tunda injin ɗaya ne, ba mai kuɗi ke cin gasar ba, mai tunani ne: wa ya rage nauyi, wa ya daidaita giya, wa waldarsa ta riƙe. Ƙanwarta kuma, Formula Student, wadda ake yi a Ingila tun 1998, ba gudu kaɗai ake ba maki ba. Ana ba zane maki, ana ba lissafin kuɗin ƙira maki, ana ba tsarin kasuwanci maki. Ƙungiyoyin tsere suna girmama wanda ya fito daga irin waɗannan gasanni, domin ya riga ya ƙona hannu.

Me zai hana mu yi irin tamu? Duba yadda Allah ya haɗa mana kayan. 'Yan kanikanci da lantarki na Makarantar Fasaha su ɗauki injin, giya, birki da waya. 'Yan zanen gine-gine na Gwarzo su zana jikin motar. 'Yan safiyo da tsara gari su auna fili su fitar da hanyar tsere. Masu lissafin kayan gini su fitar da kuɗin kowane ƙusa. 'Yan Makarantar Gudanarwa su nemo masu ɗaukar nauyi, su riƙe asusu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kayan gyara kuwa ga Ƙofar Ruwa nan, babu abin da ba za ka samu ba in ka iya ciniki. Sannan tun 2022 gwamnatin tarayya ta amince da kafa makarantar fasaha a Kabo, maƙwabciyar Gwarzo. Gasa ba ta daɗi sai da abokin hamayya, ga shi Allah ya kawo mana har ƙofar gida.

Kuɗi fa? Kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe suna tara kuɗi su yi furojet, kowane rukuni da nasa, da yawa kuma daga ranar da aka ba da maki ba mai sake waiwayarsu. Idan rukuni biyar suka haɗu a kan mota ɗaya, wannan ya ɗauki birki, wancan sitiyari, wancan shasi, kuɗin da za a kashe ba zai yi nisa da wanda ake kashewa yanzu ba. Bambancin shi ne a ƙarshe akwai abin da zai tashi ya yi tafiya, kuma 'yan baya su gaje shi su gyara kurakuransa.

Sai mu sauke girman kai mu shiga gareji. Ogan da ya shekara talatin yana ɗaure injin a bakin tashar Gwarzo yana jin ciwon mota da kunne, mu kuma muna da lissafin da zai bayyana dalilin ciwon. Shi ya san ringi ya mutu, mu mun san me ya kashe shi. In aka haɗa biyun an yi injiniya. Lokacin SIWES bai kamata ya ƙare a zaman ofis ana cika littafi ba.

Masu cewa ba yanzu ba

Na san abin da wasu za su ce: muna fama da kuɗin rajista da na mota da na abinci, kai kana zancen tsere? Tambaya ce mai kyau. Amsata ita ce, tsere makaranta ce ta rage asara. Injin Formula 1 ya kai ga mai da fiye da rabin ƙarfin man da ya sha zuwa tafiya, alhali motar titi da ƙyar take wuce kashi ɗaya cikin uku. Birkin faifai da ke gaban motocinmu, a tseren Le Mans na 1953 ya nuna kansa a jikin Jaguar kafin ya bazu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, mai Adaidaita Sahu da ɗan acaɓa da mai noman rani duk tambayarsu ɗaya: yaya lita za ta ƙara nisa? Ɗalibin da ya kwana yana neman yadda 'yar motarsa za ta zagaya fili da kofi ɗaya na fetur, shi ne gobe zai iya amsa musu, kuma su biya shi. Ko bai taɓa ganin Silverstone ba, ya samu sana'a.

Iyaye kuma za su ce wasa da rai ne. Suna da gaskiya in irin na titi ne. Shi ya sa nake cewa a yi shi a fili killatacce, bayan an kwashe amfanin gona, da izinin hukumar makaranta da na masu gari, a gayyaci jami'an kiyaye haɗurra su duba, motar asibiti tana tsaye. Dokar farko: motar da ba ta ci gwajin birki ba ba ta shiga. Doka ta biyu: duk ɗan ƙungiyar da aka kama yana ganganci a titi an sallame shi. Injin mai doki goma a cikin kejin ƙarfe ya fi babur ɗin ɗan rakiyar amarya aminci sau nawa?

Kira ga ƙungiyarmu

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai, cikin girmamawa, su ɗauki abu uku a wannan zangon. Na ɗaya, a yi wa kulob ɗin ƙera mota rajista, ƙofarsa a buɗe ga kowane sashe, maza da mata. Na biyu, a zauna da shugabannin sassa a roƙi a amince rukunai su haɗa furojet a kan mota ɗaya. Na uku, cikin kuɗin da ake warewa makon ɗalibai, a yanki wani abu a sayi injin da bututun ƙarfe na farko. Kiɗa da rawa na dare ɗaya ne, injin kuwa zai shekara yana koyar da mutane.

Ga ɗan uwana mai mafarkin sitiyari kuma, ban ce ka kashe mafarkinka ba. Motar da za mu ƙera ai sai an samu mai tuƙa ta, kuma agogo ne zai zaɓa, ba sanayya ba. In kana da baiwar, a nan za ta fara bayyana, ba tare da an taɓa gonar kowa ba. In kuma burinka Oxford Brookes ne ko Cranfield, ka gama HND da sakamako mai kyau, ka nemi tallafin karatu, ka je musu da hoton motar da ka ƙera da hannunka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mu a kan hanya, Ya jiƙan waɗanda titi ya ɗauke mana. Amin.